Mutanen da Ake Gani Ranar Ƙara wa Saba RAM

Ƙara wa saba (server) RAM aikin minti goma ne: a kashe, a buɗe murfi, a danna, a rufe. Amma a ofisoshi da yawa sai a kai Isha'i ana fama. Injin ba shi da laifi. Ga masu laifin.

Sarkin Ƙarfi. Shi a wurinsa babu abin da ba ya shiga in an danna da kyau. DDR3 haƙora 240 gare ta, DDR4 kuwa 288, kuma kowace da inda aka yi mata 'yar wushirya don kada ta shiga ramin da ba nata ba. Ko DDR5, mai 288 ita ma, an gusar da tata. Sarkin Ƙarfi taurin kai yake ɗaukar wannan. Sai ya naɗe hannun riga, ya ɗora manyan yatsu biyu, ya yi bismillah. Idan ka ji ƙas, kada ka yi saurin murna. Leƙa tukuna ka gani ko maƙalli ne ya kama ko madabod ce ta tsage.

Ɗan Gwanjo. Da baƙar leda yake zuwa, RAM huɗu a ciki an ɗaure su da roba. "Oga, ai duk RAM ce." Ɗaya daga kwamfutar tebur ya zaro ta, biyu RDIMM, ta huɗun LRDIMM. Saba ba ya haɗa waɗannan a ciki ɗaya, ko tashi ba zai yi ba. In ma an yi sa'a jinsinsu ɗaya amma gudu ya bambanta, mai 2666 dole ta sauko ta jira mai 2133. Ka tambaye shi garanti, ya ce, "Allah ne garanti."

Maƙiyin Karatu. Kamfanin Dell na manna taswirar ramuka a cikin murfin saba, daidai inda ido zai faɗa. Shi kuwa ya kifa murfin a ƙasa ya ɗora kofin shayi a kai. PowerEdge R730 ramuka 24 gare shi, 12 na furosesa ta farko masu harafin A, 12 na ta biyu masu harafin B. In furosesa ɗaya ce a ciki, ramukan B ado ne kawai. To nan zai jera sababbin, don sun fi kusa da hannunsa. A kunna, giga 32 ɗin jiya ita ce dai yau. Nan take ya ɗauki waya ya fara zagin mai kaya.

Mai Maganin Wuta. Bai yarda jikin mutum na tara wutar da za ta lalata kaya ba, ko da cikin hunturu ne, lokacin da mariƙin ƙofa ma ke tsikarin mutum. An miƙa masa igiyar ɗaurawa a wuyan hannu, ya ce shi ba fursuna ba ne. Ya kama RAM ta wajen haƙoran, ya hura mata iska, ya goge da gefen rigar sanyi. Abin haushin, ɓarnar ba lallai ta fito ran nan ba. Sai bayan makonni saba ya fara tuntuɓe, shi kuma ya rantse wutar NEPA ce.

Alhaji Gaggawa. Saba in ya ga sabuwar RAM sai ya gwada ta kafin ya tashi. Fankoki su yi ta ruri, allo ya yi baƙi ƙirin, wani lokaci har mintuna. Alhaji bai iya jiran daƙiƙa 40 ba. Ya fizge waya, ya mayar, ya sake fizgewa, sannan ya juyo ya ce, "Kun kashe shi."

Oga Mai Sa Hannu. Tambayarsa biyu ce. Ta farko, me ya sa wannan ta fi ta kwamfutar ɗansa tsada? Ka yi masa bayanin ECC, mai gano kuskuren bit ɗaya ta gyara kafin ya ɓata lissafin albashi, ya ce a rage wani abu. Ta biyu, ba za a iya sawa yana kunne ba? Ai ƙarshen wata ne.

Shiru-shiru. Ita tun jiya ta kwafe bayanai, ta duba littafin injin, ta sayo RAM masu lamba iri ɗaya. Ta zare wayoyin wuta duka biyu, ta bi A1, A2, A3, A4, ta mayar da murfin iska, ta bar MemTest86 ya kwana yana gwaji. Da safe komai lafiya, don haka babu wanda ya gode mata. Oga ma cewa ya yi, "Ashe abin ba wuya."

In kana da saba kana kuma son barci, nemi ta ƙarshen nan, ka biya ta haƙƙinta, ka kulle ƙofa sauran shidan suna waje.