Yadda Ake Karanta Littattafan Zamani Ba Tare Da Hawan Jini Ba

Ƙagaggun labaran Hausa na wannan zamani kashi-kashi ne. Akwai na soyayya da zaman aure, waɗanda suka mamaye kasuwar Kano tun shekarun 1990, lokacin da Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa ke tashe. Akwai na yaƙi da aljanu irin na Abdulaziz Sani Madakin Gini, akwai kuma na bincike da ban tsoro, fagen da aka san Nazir Adam Salih da shi. Mai son ɗanɗana kowane fanni sai ya yi shiri, domin daɗin karatun da wahalarsa tafe suke tare.

Na ɗaya, kada mai karatu ya fara labari sai ya tabbatar an rubuta ƙarshensa. Al'adar raba littafi zuwa na ɗaya da na biyu da na uku ta daɗe tana jiƙa wa mutane aiki. Littafi na ɗaya kan ƙare daidai inda likita ya fito daga ɗakin tiyata yana girgiza kai, mai shago kuwa ya ce na biyu yana hanya. A zamanin hayar littattafai, in ma an dace da shi, sai a tarar wani ya yage shafin ƙarshe.

Da karatu ya koma waya, sai ciwon ya ƙaru. Marubuta na sakin labari kaɗan-kaɗan a WhatsApp da Wattpad, shafukan farko kyauta, da labari ya ɗau zafi sai lambar asusu ta bayyana. Biyan kuɗin ba laifi ba ne, gumin marubuci ne kuma haƙƙinsa. Abin takaicin shi ne a biya, a tura shaidar biya, a shiga zaure, sannan mai littafi ya ɗauke ƙafa. Yau ana biki a gidansu, gobe waya ta faɗa ruwa, jibi sai ga tallan sabon littafi, alhali jarumar tsohon tana nan a sume a gadon asibiti wata da watanni. Matan aure na leƙa waya suna tuƙa tuwo, ɗalibai na ƙona data da tsakar dare, ba ko haruffa biyu na ban haƙuri. Wannan cin amana ne, kuma duk wanda ya karɓi kuɗin mutane, bashin ƙarshen labari na wuyansa.

Na biyu, a riƙa sauya fanni. Wanda ya karanta littafi uku a jere, kowanne da miskilin saurayi mai kamfani da 'yar talaka mai tsiwa, ya kamata ya huta da labarin sadaukai da takubba. Gajerun labaran gasar Hikayata, wadda BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata marubuta, magani ne ga mai gajen haƙuri, don a zama ɗaya ake gama su. Mai jin Turanci kuma ya nemi Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya fito a 2015 ya ci kyautar NLNG a 2016, farkonsa da ƙarshensa duk a bango ɗaya.

Na uku, a yi cajin waya tun da wuta.

Na huɗu ya shafi aro, sai dai ba shawarar da ke aiki a kansa, domin littafin da ya fita gida da sunan kwana biyu ya tafi ke nan, kuma na biyun ake ɗauka a bar wa mai shi na ɗaya da na uku. Haka ma masu rigan kowa karantawa su faɗo zaure suna sanar da wanda ya mutu, su ma ba shawarar da ke aiki a kansu. Abin da ya rage wa mai karatu shi ne ya toshe zauren har ya gama, ya sayi kammalallen littafi, ya kuma riƙe sunan marubucin da ya cika alkawari domin ya sake saya a wurinsa.