Wasiƙa Daga Jamus Kan Sana'ar Leƙen 'Yan Tsaki

Zuwa ga Yaya, unguwar Yakasai, cikin birnin Kano.

Ƙanin Yaya ya samu tambayar da Inna ta sa aka aiko game da aikin da yake yi a arewacin Jamus, tun da labari ya kai har Kasuwar Kurmi cewa ya zama likita. Farar riga kam yana sawa, sai dai waɗanda yake dubawa kwanansu ɗaya a duniya, domin sana'arsa ita ce tantance jinsin 'yan tsaki, wato ware mace daga namiji tun ranar ƙyanƙyasa.

A gida haƙuri ne ma'auni, ana barin tsako a akurki har zankonsa ya yi ja, ya fara gwajin cara da murya irin ta mai mura. Nan kuwa, masu kiwon kajin ƙwai ba sa yarda su ciyar da namiji ko tsaba ɗaya kan rashin sani, saboda haka suka ɗauki dabarar da wasu masana biyu na Japan, Masui da Hashimoto, suka wallafa da Turanci a 1933: a matse tsako a hankali ya zubar da kashi, a buɗe duburarsa ƙarƙashin fitila, a nemi wani ɗan tudu da bai fi kan allura ba, wanda galibi namiji ke da shi. Gwani kan leƙa kusan 1,000 cikin awa ɗaya, ƙanin Yaya kuwa har yanzu tsakon ne ke riga shi yanke hukunci, a kan farar rigar.

Kafin 2022, kimanin zakaru miliyan 45 ake hallakawa duk shekara a ƙasar tun suna tsaki, sai doka ta hana, aka koma gane jinsi tun cikin ƙwai ko a rene su, wanda ya tabbatar da cewa zakaran da Allah Ya nufa da cara, a Jamus ma majalisa ke tsaya masa.

Ana roƙon Yaya ya bar maganar likitan yadda take, musamman a gidan surukai, har a kai lefe. A gaida Inna da yara, a kuma shaida mata cewa jan tsakonta na cikin hoto, da take jiran ya yi ƙwai, zakara ne.