Tantance Tsofaffin Kayan Soja da Yi Musu Kuɗi: Misali daga Hanwa

Tsofaffin kayan soja suna da yawa a gidajen Zariya, fiye da yadda masu gidajen suka sani. Tun 1924 ake horar da kurata a Daffo, makarantar soja ta yara ta biyo baya a 1954, ga kuma barikin Basawa a gefe. Wasu kayan kan bi mazan jiya gida idan sun ajiye kaki, wasu a yi gwanjonsu, wasu a ba masu aikin bariki kyauta. Ƙarshensu duka adaka, ƙarƙashin gado.

Barikin Chindit, shi ma a Zariya, ya samo sunansa daga dakarun Janar Orde Wingate da suka yaƙi Japanawa a dazukan Bama, waɗanda bataliyoyin Najeriya uku suka shiga cikinsu a 1944, ban da runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma da suka yi nasu gumurzun a can. Wannan tarihi gaskiya ne, amma ya haifar da wata cuta a garin: duk koren abin da ya tsufa ya yi wari, sai a ce na yaƙin Bama ne. Aikin mai tantancewa shi ne ya raba abu da labarinsa, kuma matakan huɗu ne.

Na farko, a tabbata abin ba mai tashi ba ne. Ƙarfe mai nauyi, mai tsini, ko mai fil a ka, ba a ƙwanƙwasa shi, ba a sa masa zarto, ba a jefa shi a wuta don a ga ko tagulla ne. 'Yan sanda ake kira. Wanda ya tuna fashewar rumbun makamai na barikin Ikeja ranar 27 ga Janairu 2002 ba ya neman ƙarin bayani. Wannan ƙa'ida ba ta shafi tamfol ba, sai dai ba kowa ya san haka ba.

A wata damina, wani malamin makaranta a Hanwa, mutum mai yawan karance-karance, wanda marubucin nan ya sani ciki da bai kuma yake da dalilin sakaya sunansa, ya buɗe adakar kakansa. A sama-sama ya ci karo da wata jaka ta koren tamfol, tsawonta kusan rabin mita, baki a buɗe, gindi a karkace ya tsuke zuwa kusurwa ɗaya. Akwai baƙin layi kusa da bakin, da ƙaramin ido na ƙarfe da igiya a ciki. Bai ƙara taɓa komai ba, ya rufe adakar, bayan isha'i ya kai jakar majalisar mai shayi.

Majalisa ba ta taɓa cewa ba ta sani ba. Tela ya juya ɗinkin, ya ce safa ce ta sojan da ƙafarsa ta kumbura. Mai shayi ya ce rigar bakin igwa ce, don kada ruwa ya shiga. Sai wani da ya taɓa yin gadi, wanda saboda haka ake jin maganarsa a kan harkar tsaro, ya shinshina ta, ya ajiye a hankali, ya ja da baya.

"Malam, wannan jakar gurneti ce. Kuma inda ka ga jaka ba kowa, to ɗan cikinta yana nan kusa. Ina adakar take?"

A daren aka kwashe iyali zuwa maƙwabta. Aka ɗaura wa adakar doguwar igiya, samari shida suka ja ta har fili, kowa yana salati, mai gadin yana ba da umarni daga bayan katanga. Ruwa ya kwana yana zuba. Da safe aka buɗe ta da gora daga nesa, aka sami bargo, carbi, takardun haraji, da takardar filin gidan, wadda ta jiƙe har tawadarta ta bi ruwa.

Mataki na biyu, karanta tambari. Kayan gwamnatin Ingila suna ɗauke da alamar kan kibiya mai layi uku, kamar sawun kaza, wani lokaci da haruffan WD na ma'aikatar yaƙi, da shekarar da aka yi su, da haruffan kamfanin da ya ɗinka. Alamar ba ta nufin Bama. Sojan Najeriya ya ci gaba da amfani da kaya irin na Ingila bayan 1960, har cikin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Abin da ke raba gardama shi ne lambar NATO: lamba ce mai alƙaluma 13, na biyar da na shida su ke nuna ƙasa, 99 Ingila, 00 ko 01 Amurka, 12 Jamus, 14 Faransa. An kafa NATO a 1949, yaƙin Bama kuwa ya ƙare a 1945, don haka kayan da ke da wannan lamba ba na yaƙin ba ne.

Malamin ya sami sawun kazar a cikin bakin jakar, ya yi shela har masallaci. Kwana biyu bayan haka ya lura da wasu lambobi a ƙasansa, da 99 a tsakiya, wannan kuma bai yi shelarsa ba. Mahaifiyarsa, wadda babu wanda ya tambaye ta tun farko, ta ƙara da cewa marigayin bai taɓa wuce Kaduna ba. Wanki da guga yake yi wa hafsoshi, kuma wutar da ya fi kusanta a rayuwarsa ita ce ta gawayin dutsen guga.

Mataki na uku, sanin amfanin abu, kuma a nan ba wanda ya kai tsohon soja. Da shi ya kamata a fara, amma an fi zuwa wajensa a ƙarshe, bayan an gama asara. Wanda malamin ya samu tsohon saje ne, yana kishingiɗe a zaure da rediyo a ƙirji.

"Baba Saje, barka da hutawa. Wani abu na kawo a duba mini, ana zaton na makami ne."

Tsohon ya miƙa hannu, ya duba, ya yi dariya har da tari. "Yaro, wannan ne ya hana ku barci? Ai matacin ruwa ne. Mun sha kududdufi da shi."

Sunanta jakar Millbank, daga unguwar da kwalejin likitocin sojan Ingila take a Landan a wancan zamani, kuma wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu aka fara raba ta. Ana jiƙa ta sharkaf tukuna, domin busasshen tamfol ba ya barin ruwa ya ratsa. A cika ta da ruwan rafi, a rataye a reshe da igiyar. Ruwan farko a bar shi ya zube har ya sauko kan baƙin layin, saboda shi ke wanke dattin da ke bayan jakar. Sannan a tara gora a ƙarƙashin kusurwar, inda ruwan ke haɗuwa ya ɗiga. Laka da ganye da tsutsa suke tsayawa a ciki. Ƙwayoyin cuta suna wucewa abinsu, shi ya sa dole a jefa ƙwayar kulorin ko a tafasa. A daji irin na Bama, inda atuni da zazzaɓi suka kwantar da sojoji fiye da harsashi, wannan ba ƙaramin kaya ba ne. Sai dai ba a yi ta don a burge majalisa ba.

Mataki na huɗu, kuɗi, kuma kasuwa uku ce, kowace da ma'auninta. Ɗan bola jari ba ruwansa da tarihi, sikeli ne alƙalinsa: tagulla a gaba, alminiyom na biye, baƙin ƙarfe a baya. Da aka miƙa masa jakar ya latsa idon ƙarfen da farce, ya ce a cire masa wannan ya ba da alawa biyu. Dillalin gwanjo yana sayen abin da wani zai sa a jiki, kuma yana ɗari-ɗari da kayan soja, domin kaki a jikin farar hula fitina yake jawowa. Na Sabon Gari ya saurari bayanin Millbank da Landan har ƙarshe, cikin ladabi.

"Na ji, Malam. To ina ɗaya ƙafar?"

Kasuwa ta uku ita ce ta masu tara kayan tarihi a intanet, galibi a Turai da Amurka. Su shekara suke saya, da ƙarancin abu, da tambarin da ke karantuwa, da shaidar wanda ya riƙe shi. Abin da aka ɗinka dubbai aka raba wa kowane kurtu shekara da shekaru ba ya tsada, kuma kuɗin da mai kaya ya sa ba shi ne kuɗin da aka saya ba. Ɗan yayan malamin ya ga irinta da farashi a fam, ya juya zuwa naira a kan canjin bayan fage, aka fara maganar sayen babur. Da aka tambayi kuɗin aika ta Ingila, sai lissafin ya nuna mai sayarwa ne zai yi ciko.

Masu tara kaya ba sa son a wanke, domin dauɗar da tambarin su ne shaida. Malamin bai san wannan ba sai bayan ya jiƙa jakar a garin sabulu, ya bi ta da burushi don ta fito a hoto. Ta fito fes, ba kibiya, ba 99, ba ko baƙin layin.

Daga nan ta koma hannun mahaifiyarsa, wadda ta ce tun ranar farko ta san matacin koko ne. Ta zuba ƙullun gero, ta rataye a turmi, ta jira daga hantsi zuwa azahar. Ruwa garau ya ɗiga a kwano, kamun ya tsaya a ciki tare da dusarsa, wanda ya nuna jakar tana aikinta daidai. Iya ta ce Turawa ba su san koko ba, ta shanya ta, yanzu daddawa take ajiyewa a ciki. Takardar filin kuwa har yanzu ana zirga-zirgar sabunta ta.