Madalla da Gwanayen Auna Wuta

Yabon gwani ya zama dole, don haka a jinjina wa mahukuntan Ostiraliya. Tun ranar 1 ga Satumba, 2022, ƙasar ta samu ma'auni ɗaya na hatsarin gobarar daji, daga wannan gaɓar teku har waccan. Matakai huɗu, launuka huɗu: kore, rawaya, ruwan lemo da ja. Ga alluna a bakin titi, kibiya na nuna wa mai wucewa irin ranar da ya wayi gari a cikinta. Wannan ai abin a buga tambari ne!

A kuma yaba musu haƙuri. Ma'aunin da suka gada, wani masanin daji mai suna McArthur ne ya tsara shi a shekarun 1960, ya ɗauki yanayin gobarar 1939 a matsayin ƙololuwa, wato maki 100. Kurmi da ciyawa kaɗai ya sani, sai ka ce tsiro iri biyu Allah Ya yi wa nahiyar. Ranar 7 ga Fabrairu, 2009, wuta ta haure wannan ƙololuwa a jihar Victoria, ta ci mutum 173. Nan manya suka nuna hazaƙa: suka ƙara wa allon mataki guda a sama. Victoria ta raɗa masa suna, sauran jihohi suka raɗa wani daban, don kada matafiyi ya gundura da abu ɗaya. Shekara 13 aka yi kafin a haɗa kai. To, gaggawa ai aikin shaiɗan ce.

Kafin a gama shawara, wutar 2019 zuwa 2020 ta zo ta kashe mutum 33, ta lashe gidaje sama da 3,000. Firayim Minista Scott Morrison, mutum mai sanin darajar hutu, ya tafi shan iska Hawaii. Da aka yi ƙorafi, ya ce ai ba shi ke riƙe mesar ruwa ba. Gaskiya ya faɗa. Mesar tana hannun 'yan sa-kai, manoma da masu shaguna, wasunsu ba su dawo gida ba. Shi hannunsa ya saba da kaya mai daraja: a 2017 curin kwal ya ɗaga a zauren majalisa, yana cewa kada kowa ya ji tsoronsa.

Waɗanda suka gaje shi ma ba su ba da kunya ba. Hukumar binciken da aka kafa a 2020 ta ce ɗumamar yanayi za ta ƙara tsananta gobara. Suka saurara cikin ladabi, sannan suka amince a faɗaɗa mahaƙar kwal. Hannun dama yana aunawa, na hagu yana hurawa, ina aka taɓa ganin tsari irin wannan?

Yanzu idan kibiya ta hau ja, makiyayi zai kwashi iyalinsa tun da asuba, ya bar tumaki da gidan da ya gada, hankalinsa kwance cewa gwamnati ta auna masifar daidai. Jiragen kwal kuwa suna tashi daga tashar ruwan Newcastle a kan lokaci.