Alƙalan Gem ɗin Zobe

A watan Nuwamba na 2003 kamfanin Electronic Arts na Amurka ya fitar da gem ɗin The Lord of the Rings: The Return of the King, fim ɗin da aka ciro shi daga ciki kuwa bai shiga silima ba sai tsakiyar Disamba. Wato yaran da ke riƙe da hannun PlayStation 2 sun riga masu tikitin silima hawa ganuwar Minas Tirith da makonni. Gem ɗin ba shi da wuyar bayani. A ba ka takobi ko baka ko gatari ko sanda, a turo maka dodannin Sauron garke-garke, ka yi ta sara har a ce ka wuce. Hanyoyi uku ne: ta Gandalf, ta Aragorn da Legolas da Gimli, sai ta Sam da Frodo masu kai zobe dutsen wuta. Masu wuyar bayanin su ne mutanen da suka zauna yanke masa hukunci, tun daga mujallun gem na wancan zamani har zuwa bencin gidan gem na unguwa. Gem ɗin da aka yi daga fim yana da farin jinin alƙalai, saboda kowa gani yake ya san shari'ar tun kafin a karanto ƙara.

Wanda ke fara zuwa shi ne mai kishin fim. Ya kalli dogayen kwafin fina-finan Peter Jackson guda uku, sama da awa goma sha ɗaya in aka haɗa, kuma ba sau ɗaya ba. Jumla guda ya mallaka: "Ba haka aka yi a fim ba." Gandalf ya ratsa daji yana karkashe dodanni a hanyar Isengard, ba haka aka yi a fim ba. Sam ya shiga hasumiyar Cirith Ungol ya share runduna shi kaɗai, ba haka aka yi a fim ba. Ka ce masa, "Malam, in aka bi fim sak, ai rabin gem ɗin tafiyar ƙafa ce da kuka," sai ya dube ka kamar ka zagi iyayensa. Abin da ya fi ƙauna a gem ɗin shi ne wurin da ba a bugawa, wato inda ake nuna ainihin hoton fim kafin ya narke a hankali ya koma zanen kwamfuta. A nan yake ajiye hannun gem ya gyara zama, kuma kaiton wanda ya danna maɓallin tsallakewa. A Baƙar Ƙofa gem ɗin ya fito da wani jakadan Sauron mai ruɓaɓɓen baki, wanda ba a gan shi a silima ba, mutuminmu ya rantse ƙirƙirar masu gem ce. Da dogon kwafin fim ɗin ya fito a Disamban 2004, sai ga jakadan nan a kan dokinsa. Bai janye maganarsa ba. Cewa ya yi dama ya san za a sa shi.

Akwai wanda ya raina mai kishin fim, shi ne malamin littafi. A wurinsa fim ɗin ma bidi'a ne, balle gem. Ya san cewa J.R.R. Tolkien farfesa ne a Oxford, ya san littattafan sun fito a 1954 da 1955, kuma ba ya bari a rabu bai faɗa ba. Tambayarsa ta farko ga kowane gem ita ce ina Tom Bombadil, wani tsoho mai yawan waƙe-waƙe da Jackson ya cire daga fim. Abin dariyar shi ne an taɓa share masa hawaye. A wancan lokaci an raba haƙƙin labarin gida biyu: Electronic Arts na da izinin fina-finai, Vivendi na da izinin littattafai, kowa ba ya taɓa gonar ɗan'uwansa. A 2002 Vivendi ya fitar da nasa gem ɗin, The Fellowship of the Ring, da Bombadil a ciki cur. Masu sharhi suka karɓe shi da hamma, malamin littafi kuwa bai buga ba, don shi dama ba ya buga gem, gyara kurakurai kawai yake yi. Sau ɗaya na tsaya a bayansa. A 2017 gem ɗin Shadow of War ya ɗauki Shelob, ƙatuwar gizo-gizon nan mai cin mutane, ya mayar da ita kyakkyawar mace cikin baƙar riga. Ranar nan ko ni sai da na ce a ba malam ruwa ya sha.

Mai lamba kuwa ƙwararre ne, da wannan yake cin abinci. Yana da sikeli daga ɗaya zuwa goma, amma bai taɓa amfani da rabin ƙasa ba, don a wurinsa bakwai na nufin ba laifi, shida na nufin Allah ya isa. Zai ba zane 9, sauti 9.5, tsawon gem 7, ya haɗa ya raba ya fito da 8.5, kuma a shirye yake ya yi gardama har magariba da wanda ya ba da 8.4. Ka tambaye shi me ke cikin ɗigon nan guda, sai ya ce sai wanda ya daɗe a harkar. Shafin Metacritic yakan tattara lambobin irinsa ya fitar da matsakaici, kuma The Return of the King ya samu tamanin da 'yan kai a PlayStation 2.

Ana gane shi tun daga layin farko, domin duk sharhin da ya rubuta a kan gem ɗin fim da huɗuba ɗaya yake buɗe shi: gem ɗin da aka yi daga fim yawanci shara ne. Daga nan sai ya kira shaidu biyu, kullum su ɗin dai. Na farko E.T. na kamfanin Atari, wanda mutum guda ya haɗa cikin kusan mako biyar a 1982 don a cim ma kasuwar Kirsimeti, ya yi kwantai a kasuwa, har a 1983 aka binne tulin kaset-kaset na kamfanin a wani juji a Alamogordo ta jihar New Mexico. An tono wurin a 2014, aka same su. Na biyu GoldenEye 007 na 1997, wanda ya nuna cewa abin na iya yin kyau. Bayan shaidun sun sauka sai ya ce, "amma wannan ya ba ni mamaki." Shekara ashirin yana mamaki. Huɗubar tasa tana da ƙanshin gaskiya, domin irin wannan gem ranar fitar fim ce ke jan ragamarsa, ko an gama ko ba a gama ba sai an fitar, kuma kuɗin da aka biya na izini ba ya komawa cikin aikin. Sai dai mai lamba bai taɓa lura cewa jerin abubuwan da suka ba shi mamaki ya fi jerin sharar tsawo ba.

Maƙwabcinsa shi ne maroƙin zamani, wanda ya musanya kalangu da kyamara da makirufo. Duk gem ɗin da aka aiko masa kyauta, shi ne wanda ba a taɓa yin irinsa ba tun da aka halicci maɓalli. Wannan ba zargi ba ne na bayan fage. Lokacin da Warner Bros. ya fitar da Shadow of Mordor a 2014, an biya wasu fitattun masu YouTube kuɗi su nuna shi, da sharaɗin su yabe shi kuma kada su nuna kurakuransa. PewDiePie na cikinsu. A 2016 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta tuhumi kamfanin da rashin tabbatar da cewa an bayyana wa masu kallo a sarari cewa talla ce, aka yi sulhu. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin takaicin shi ne gem ɗin bai buƙaci roƙo ba. Yana da wata dabara da ta sa dodon da ya kashe ka yake samun ƙarin girma a rundunarsa, ya riƙe ka a rai, in kun sake haɗuwa ya yi maka gori, in kuma ka taɓa ƙona shi ya dawo da tabo. An sayi yabo ga abin da za a yaba kyauta.

A bencin gidan gem kuma akwai wanda ya maƙale. Shi ma yana da sharhi, kuma mai zafi. Gem ɗin The Return of the King yana auna kowane kisa da daraja huɗu, daga ba laifi zuwa cikakke, kuma wanda ya iya kare sara ya yi ta kisa ba a taɓa shi ba, makinsa ke hauhawa, da makin ake sayen sababbin salon faɗa. Mutuminmu bai san da wannan kasuwa ba. Maɓalli ɗaya ya sani, yana dukansa da babban yatsa har farce ya yi fari. A kan ganuwar Minas Tirith ana so ya riƙa ture tsanin da abokan gaba ke jinginawa, shi kuwa ya tsaya yana sara, ganuwa ta cika, a koma farko. Laifin kyamara ne, in ji shi. A nan yana da 'yar gaskiya, domin kyamarar gem ɗin ba ta bin umarnin mai bugawa, an kafa ta ne don ta yi kama da ta fim, wani lokaci kibiya ta zo maka daga inda ba ka gani. Amma bayan kyamara sai laifin ya koma kan hannun gem, sai kan mai shago da bai gyara hannun ba, sai kan janareto da ke sa allo rawa. Hukuncinsa na ƙarshe: gem ɗin ba shi da ma'ana, a sa ƙwallo.

Kusa da shi akwai ƙanin da ake ba hannu na biyu. Gem ɗin yana yarda mutum biyu su yi yaƙi tare a allo ɗaya, kuma dokar duniya ce babba ya ɗauki Legolas mai harbi daga nesa ko Aragorn mai sarauta, a bar wa yaro Gimli gajere.

"Yaya, ni ma ina son mai bakan."

"Gajeren ya fi ƙarfi, ba ka sani ba ne."

Ramuwar yaro ɗaya ce: duk kwalbar maganin da ta faɗo sai ya riga yayansa kaiwa, ko da jininsa a cike yake. Sharhinsa gajere ne kamar jaruminsa. Gem ɗin na da daɗi, yaya ne ba shi da adalci.

Ɗan kallo bai biya ko kwabo ba, bai taɓa hannun gem ba, amma shi ne babban kwamanda. Yana tsaye a bayan benci yana ba da umarni: "Bayanka! Sare shi! Kai, ka bar giwar ta wuce!" Sunayen Turawa ba su dame shi ba, ya raɗa wa kowa nasa. Gandalf shi ne Baba Tsoho, Gollum Ɗan Aljani, duk wani babban mugu kuwa Bos ne, kamar yadda ake cewa a fim ɗin Indiya. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa, kuma in aka miƙa masa hannun sai ya tuna an aike shi sayen magi. Duk da haka, a cikin alƙalan nan kaf na fi yarda da shi. Ba shi da littafin da yake karewa, ba wanda ya biya shi, ba ya ba da lamba. In yana tsaye, gem ɗin na da rai. In ka waiwaya ka ga ya sulale, to an shiga wurin da ake ta maimaita abu ɗaya, kuma irin wuraren nan suna da yawa a gem ɗin sara.

Akwai kuma mai jiran gawa, wanda gem mai kyau ke sa shi barci. Shekararsa ita ce 2023, lokacin da kamfanin Daedalic na Jamus ya fitar da The Lord of the Rings: Gollum. Gem ɗin ya fito cike da kurakurai, masu sharhi suka yi masa rubdugu, kamfanin ya fitar da takardar neman afuwa, a cikinta ma aka rubuta sunan gem ɗin ba daidai ba. Mai jiran gawa ya sa kuɗinsa ya saya, ya buga har ƙarshe, abin da bai taɓa yi wa gem mai kyau ba, ya kuma yi bidiyon minti arba'in yana kukan daɗi. Makonni kaɗan bayan haka kamfanin ya rufe sashensa na ƙera gem, ma'aikata suka rasa aiki, shi kuwa ya riga ya koma neman wata jana'izar.

A wurin wannan jana'iza aka fi jin muryar mai kewar da. Ya haura talatin da biyar, yana da iyali da ciwon baya, kuma ya tabbata ba a sake yin gem ba tun 2003. A zamaninsu, in ji shi, faifai ɗaya ka saya ka sami komai, ba intanet, ba ƙarin biya, ka gama a buɗe maka Faramir da Merry da Pippin da hirarrakin 'yan wasan fim ɗin. Duk gaskiya ne. Kullum yana roƙon a sabunta The Return of the King a sake fitarwa, bai san izinin fina-finan ya bar hannun Electronic Arts ya koma na Warner Bros. tun 2009 ba, shi ya sa ba a sayar da shi a kasuwannin gem na intanet. In Allah ya sa wani ya tono masa tsohuwar PlayStation 2 da faifan da memori kad, zai zauna ya tattare hannun riga, ya tara 'ya'yansa su ga yadda ake yi. Fuskar Aragorn ta fito da kusurwoyi, ya ce talabijin ɗin zamani ce ke ɓata ta. A kangon Osgiliath dodo mai fukafukai ya hango Sam a fili sau huɗu a jere. Sai ya juya hannun gem ɗin sama da ƙasa, ya busa masa iska, ya tambayi wanda ya kawo ko na asali ne.