Allah Ya Ja Zamanin Sarkin Rewaya

Allah ya ja zamanin gwanin gwanaye, toron giwar masu gyaran wuta, uban gidan waya da fis, wanda gindin dalbejiyarsa a Gusau ya fi ɗakunan gwajin Jamus albarka. Mai gane cutar mota tun direba bai gama sallama ba.

Ga wata Sharon, irin wadda Volkswagen suka fara ƙerawa a 1995, ta ci ƙuruciyarta a Turai, ta zo cin tsufa tsakanin Gusau da Tsafe. Cutarta mai kunya ce. Da safe caji lafiya lau. Sai inji ya ɗau zafi, an doshi Kwatarkwashi, jar fitilar batir ta ƙifta ta ɗauke, fitilun gaba su dushe, rediyo ya yi shiru. Da an kai ta gareji kuwa sai ta warke sarai.

Masu ƙaramar baiwa, da an kawo musu irin wannan, mita suke ɗaukowa. Su auna batir inji a kashe su ga ko ya kai 12.6, su tayar su ga ko yana tsakanin 13.5 da 14.5, su kunna fitilu da fanka, su zauna jiran inji ya yi zafi, suna girgiza wayoyi ɗaya bayan ɗaya, suna latsa fanbel, suna leƙen kabon. Wahalar banza. Maigida ya fi ƙarfin lamba. Shi ma yana da mita, kada a raina shi. Tana cikin akwati a naɗe, ba ya yarda ƙura ta taɓa ta.

Gwajinsa na maza ne. Inji na ruri zai fizge kan batir, in mota ba ta mutu ba, altaneta ta wanku daga zargi. Injiniyoyi sun ce yin haka na iya ƙona dayod har da birenbos, amma su ai ba a san su da jarumta ba. Daga nan ya goga bakin waya a jikin bodi, tartsatsi ya tashi, yaran shago su yi kabbara. Sai ya ɗaga sifana ya ƙwanƙwasa wa altaneta sau biyu, jar fitila ta ɗauke nan take. Ya dubi direba cikin natsuwar manya, ya ce, “Ka gani ko, Alhaji? Wagga mota batir take so.”

Tsarin aikinsa kuwa abin a koyar ne. Ya fara da sabon batir, ya karɓe tsohon don ya rage wa direba kaya. Da cutar ta dawo ya sa altaneta 'yar Beljiyam. Da ta sake dawowa ya canza fanbel. Duk a shago ɗaya ake sayo su, na ƙanin matarsa, domin Maigida mutum ne mai zumunci. Da fitilar ta ƙi jin magana, sai ya yanko baƙin salatif ya liƙe ta. Tun ranar babu wanda ya sake ganin ta kama.

Fasinja ma sun sha albarka. A hanyar da kowa ke addu'ar ya wuce kafin magariba, nan Sharon ke tsayawa cik, ɗan kasuwa da malamin makaranta su haɗa kafaɗa suna turi, baki ɗauke da salati. Malamai nawa ne suka iya tuna wa mutum goma Ubangijinsu a lokaci guda?

Mahassada, da yake ba a rasa su, suna yaɗa cewa wani yaron shago a Bungudu ne ya zare soket ɗin bayan altaneta, ya tarar ya yi kore ya saki, ya kankare shi ya matse, mota ta kama caji, aka ba shi kuɗin shayi. To, da Maigida bai canza duk sauran kayan ba, ina yaro zai san abin da ya rage? Ladan na mai share fage ne.

Mai son gaisuwa ya je da hantsi, ya riƙe kuɗin batir, ya kuma tafi da majiya ƙarfi huɗu saboda dawowa.