Gidan da ke Shan Fetur

A watan Satumba na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, don a toshe wa 'yan bindiga da masu kai musu rahoto hanyar magana. Garinmu Ƙanƙara na ciki, Faskari na ciki, Sabuwa na ciki, ko Funtuwa da Malumfashi ba su tsira ba. Ni dai tukunyata aka sauke daga wuta, domin ta intanet nake neman abinci. Wani kamfani ne na ƙasar waje ke turo mini muryoyin Hausawa, in saurara, in rubuta, su biya ni da dala. Har yau Inna ba ta yarda wannan aiki ne ba. A ganinta, mutumin da zai kulle kansa a ɗaki, ya toshe kunnuwa, yana murmushi shi kaɗai, addu'a yake buƙata.

Watannin nan a hanya na yi su. In saɓa jaka in tafi Zariya, in raɓe a shagon wani abokina, in tura aiki, in dawo. A wannan raɓe-raɓen ne YouTube ya fara nuno mini wasu Turawan Amurka da suka sayar da gidajensu suka tare a mota: gado a baya, murhu a gefe, farantin sola a rufi, kwamfuta a cinya, a buɗe ƙofa sai ga tafki shuɗi. Na ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Daga yau in sabis ya gudu, in bi shi da gidana ɗungurungum.

Na zauna na tsara shekara. Damina in yi ta a ƙasar Faskari, wajen Daudawa, ina aiki ina kallon auduga. Kaka in gangara Sabuwa ta Ɗandume, inda masara ke araha. Hunturu in dawo Ƙanƙara kusa da tuwon Inna. Ƙananan hukumomin nan uku ɗan majalisar tarayya ɗaya ke wakiltarsu, to me zai hana mota ɗaya ta zagaye su? Na sami taswira na manna, na bi garuruwan da jan biro ina zagayewa.

Abin da na tara bai kai kuɗin Hiace ba, sai dillali ya kai ni wurin wata tsohuwar J5. Ta yi ƙuruciyarta tana kai albasa da tumatir Kudu, da ƙarfi ya ƙare ta koma jigilar awaki zuwa kasuwar Sheme. Dillali ya daki bonet ya ce, “Alhaji, injin nan ko Legas ka ce, yanzu. Ba ta da wata matsala sai 'yar gaisuwa da safe.” Gaisuwar ita ce ƙarti huɗu su tura ta. Na wanke cikinta da sabulu da toka, na turara ta da turaren wuta har maƙwabta suka zaci biki za a yi. Da safe sai ƙamshi. Amma da zarar rana ta take, ƙarfe ya ɗauki zafi, duk bunsurun da ya taɓa hawa motar nan sai ya dawo.

Mai walda ya saurare ni har na gama, sannan ya ɗage baƙin gilashinsa.

“Gado a cikin mota? Malam, marasa lafiya za ka riƙa ɗauka ko gawa?”

Na ce zama zan yi. Ya ce to a ba shi kuɗinsa gaba ɗaya kafin ya fara.

Kafinta ya auna gadon da tsawon kansa, shi kuwa gajere ne, don haka in na miƙe ƙafafuna kan murhu suke sauka. Mai sola ya ɗora faranti biyu a rufi, ya haɗa batir da inbata a ƙarƙashin kujera. A farkon 2023 Starlink ya shigo Najeriya, na tambayi kuɗinsa, na yi shiru. Sai na sayi ƙaramar na'urar intanet mai cin layin waya, na ɗaure ta a kan doguwar gora da robar taya, in na tsaya in ɗaga ta sama tana ƙyafta koren ido. Tagogi kuma na sa musu baƙin labule don sirri.

Labari ya isa cikin gida. Da yake ni ne ɗan fari, Inna ba ta kama sunana, sai ta aika a kira mata “wannan yaron”. Na same ta da Kawu zaune, ga kwanon sha cike da rubutu.

“Kai, mi muka yi maka?”

“Inna, ba komai. Zamani ne. A Amurka har masu kuɗi na yi.”

Ta dubi Kawu ta ce, “Ka ji ko? Na faɗa maka kurciya aka yi mashi. Mutum da ɗakinshi, da ƙofa, da kwaɗo, ya ce sai bin hanya. Shanye.”

Na shanye. Kawu bai damu da kurciya ba, shi tambayoyi ya zo da su. Ina makewayi? Na nuna masa bokiti mai murfi da buta. Ya daɗe yana kallon bokitin, sannan ya ce kada in ƙara nuna wa kowa. Ina alƙibla, tunda yau gaban gidan na gabas gobe yana yamma? Na ce akwai manhaja a waya. Sai ya jefo wadda ta fi ƙarfina: mutumin da gidansa ke tafiya da shi, matafiyi ne ko mazauni? Ƙasaru zan yi ta yi har in mutu?

Maganar ta kai majalisar ƙofar masallaci. Wani malami ya ce a mazhabar Malikiyya matuƙin jirgin ruwa da ke yawo da iyalinsa a ciki yana ƙasaru, don haka hukuncina ke nan. Ɗayan ya ce kafin a yi maganar ƙasaru sai tafiya ta kai mil 48, shi kuwa ya ga motar da idonsa, ba ya jin wannan mas'ala za ta taɓa tasowa.

Daga gidan su yarinyar da nake nema ma an turo gwaggonta da igiyar awo, wai ta ga inda za a yi jere. Ta leƙa ta ƙofar baya, ta toshe hanci da gefen mayafi, ta tambaye ni ta ina sif zai shiga. Na ce ai a irin wannan rayuwa ana rage tarkace ne. Ta nannaɗe igiyarta ta ce za su yi shawara.

Aka gama aiki, na sa ranar tashi. Ranar 29 ga Mayun 2023 muna zaune a majalisa muna jin rantsar da Bola Tinubu a rediyo, sai ya ce tallafin mai ya tafi. Kafin mako ya zagayo litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Kowa a garin ya ji a jikinsa, amma ni kaɗai ne aka ƙara wa kuɗin haya, tunda gidana fetur yake sha. Na sake lissafi, na ga shekarar da na tsara ta koma kwana kaɗan. Na ce ko na gwaji ne sai na yi.

Kawu ya hana ni bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, wadda dokar 2021 ta taɓa rufe wa motocin haya saboda masu tare hanya. Na zagaya ta Marabar Ƙanƙara, Bakori, Funtuwa, sannan na hau titin Gusau. A kowane shinge sai an leƙa an ga gado, an tambaye ni ina marar lafiyar. Da la'asar sakaliya na iso wani gari a ƙasar Faskari. A bidiyon Turawa ba a tsayawa cikin mutane, gefe ake nema inda babu kowa. Na hango wata ɗorawa a bayan gari, ga gonaki kore shar, ga duwatsu can nesa. Na faka, na ja labule, na ɗaga gorata, na sa abin kunne, na fara gwada Turancin da zan yi a taron kamfani gobe.

Yanzu ku tsaya a inda mutanen garin suka tsaya. Wannan yanki ne da a daren 11 ga Disamban 2020 aka shiga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara aka kora ɗalibai sama da 300 cikin daji. Yanki ne da ake tsoron infoma fiye da mai bindigar, domin shi ke nuna gida. Sai ga baƙuwar mota a bakin daji gab da magariba, tagogi a rufe da baƙin ƙyalle, sanda ta yi sama tana ƙyafta wuta, a ciki wani na magana da harshen da ba na gari ba.

Ban ji isowarsu ba, kunnuwana a toshe. Ƙofar baya kawai na ga ta buɗe, ga bakin bindigar toka, ga gorori, ga tocila a idona. Wani saurayi ya haska bango ya yi ihu: “Ga taswira! Wallahi ga garinmu nan an zagaye da ja!”

Na ce, “Damina ce. Nan zan yi damina.”

Wannan bayani bai taimaka ba.

Aka tasa ni gaba zuwa ƙofar dagaci, aka turo motar a baya, wanda dama ita hanyar tafiyar da ta fi sabawa da ita ke nan. Na zube na yi gaisuwa.

“Ranka ya daɗe, ma'aikaci ne ni.”

“Ina ofishinka?”

Na nuna motar.

“Ina gidanka?”

Na sake nuna motar.

“Wa ke biyan ka?”

“Wasu mutane ne a ƙasar waje, ranka ya daɗe. Ban taɓa haɗuwa da su ba. Muryoyin mutane suke turo mini in saurara.”

Wurin ya yi tsit. Na fiddo katin ɗan ƙasa, aka juya shi aka ce kowa na da shi. Na kira Kawu, sabis sanda ɗaya, ta ɗauke. Ana cikin haka wani dattijo ya ratso taron yana dogara sanda, ya zagaya motar, ya cusa kai ta ƙofar baya, ya ja numfashi mai tsawo. Ya fito fuskarsa a sake.

“Ranka ya daɗe, na san motar nan. Shekara da shekaru tana kai mini awaki Sheme. Ga ma inda wani bunsuruna ya lotsa ƙofa. Na ji an ce wani yaro a Ƙanƙara ya saye ta zai zauna ciki, muka yi ta yi wa uwarshi jaje a kasuwa. Ashe kai ne!”

Nan take bindigogi suka sauka. Aka tambayi ɗan gidan wa ne, na faɗi sunan Kawu, sai ga mutum uku sun taɓa cinikin hatsi da shi. Abin da kati da Turanci suka kasa, warin bunsuru ya yi.

Dagaci ya sa aka kawo mini tuwon masara da miyar kuka, ya bar ni na ci, sannan ya ce, “Yaro, ka ga mutanen can da ke shigowa da tabarmi a ka? Daga ƙauyuka suke. Kullum yamma sai su baro ɗakunansu su zo su kwana a makaranta da rumfunan kasuwa, da asuba su koma gona. Ko wannensu ka ba ɗakinka na Ƙanƙara, sai ya yi maka addu'a har ya mutu. Kai kuma ka kashe kuɗi don ka zo ka kwana inda suke gudu. Turawan nan naka, a dajinsu wa ke ciki?”

Na ce barewa, ranka ya daɗe.

Ya ce to a ja motar tsakiyar gari, nan zan kwana.

Da gari ya waye labari ya bazu cewa motar baƙo na da wuta. Wata tsohuwa ta fara miƙo wayarta ta taga, ta ce jikanta ke kira daga Kano. Wa zai hana mutanen da suka fasa harbinsa jiya? Kafin hantsi wayoyi sun rufe gadon, har da tocila da rediyo da askar wani mai aski. Lokacin taro ya yi, na kunna kwamfuta, shugabar sashenmu ta bayyana, a bayana kuma kawunan yara sun cika taga. Ta ce kai, wuri mai kyau, iyalina ne duka? Na buɗe baki zan ba da rahoton da na kwana ina haddacewa, inbata ta yi ƙara, allo ya mutu.

Komawa gida a ɗaure muka yi ta, bayan wata motar masara, ni ina riƙe da sitiyari ina shan ƙura tun daga Funtuwa.

Yanzu J5 na ƙofar gidan Inna, an ɗora ta kan duwatsu, kaji sun kama ƙarƙashinta. Gorar na nan a tsaye, kuma nan ne sabis ya fi ƙarfi a duk unguwar. A ciki nake aikina, ƙanena kuma na zaune a ƙofar baya yana karɓar cajin waya, wani watan ma cinikinsa ya fi ƙarfin abin da dala ke kawowa. Gwaggon yarinya ta dawo da igiyarta ta auna ɗakina na cikin gida, sif ya shiga. Malaman majalisa sun daidaita a kan cewa in cika salla. Inna kuwa ta aika wa malaminta da zakara, tukuicin karya kurciya, kuma daga kuɗin caji aka saye shi.